Yadda ake tsara wayoyi da wutar filbas a masana'anta, tun kafin a sayi ko mita ɗaya ta waya

Wani yaro da nake koya wa aiki a nan Garwa ya juyo mini fuskar kwamfutarsa yana murmushi, ya ce, "Malam, duba, duk ya yi kore." Manhajar tsara layi ce ya cika, kowace na'ura da alamar lafiya a gefenta. Na tambaye shi zafin da ya rubuta. Ya ce bai taɓa wurin ba, yadda ya same shi haka ya bar shi. Na tambaye shi tsawon wayar, ya ce da rula ya auna a kan taswirar masana'anta. Na ce masa to wannan koren na wata masana'anta ce a ƙasar sanyi, mu namu aikin ko farawa ba mu yi ba.

Ga wanda bai saba ba, filbas hanya ce ta haɗa na'urorin awo da bawul-bawul da yawa a kan tagwayen waya guda. A tsohon tsarin 4 zuwa 20 mA kowace na'ura da tata wayar har ɗakin sarrafawa. A filbas kuwa waya ɗaya ce ke kai wa na'urori wuta, ita ce kuma ke ɗauko bayanansu. Iri biyun da za ka fi cin karo da su a matatar mai, kamfanin siminti ko wurin tatsar man auduga su ne Foundation Fieldbus H1 da PROFIBUS PA. Yarensu ya bambanta, amma jikinsu ɗaya ne: dukansu suna bin ƙa'idar IEC 61158-2, suna gudu a kan kilobit 31.25 a daƙiƙa, kuma kowace na'ura tana son wutar da ba ta gaza bolt 9 ba, ba ta wuce 32 ba. Don haka lissafin da zan nuna ya hau kan dukansu.

Kalmomin da zan riƙa maimaitawa kaɗan ne. Sashe shi ne layi guda da duk abin da ke rataye a kansa. Uwar waya ita ce doguwar da ta taso daga ɗakin sarrafawa zuwa fili. Reshe shi ne gajeriyar wayar da ta fita daga akwatin rarrabawa zuwa na'ura guda.

Mataki na farko: takardu da takalmi

Kafin ka buɗe kowace manhaja, tara takardar bayanan kowace na'ura, wadda masu aiki a nan suka fi kira fish teknik. Abu biyu kake nema a ciki: wutar da na'urar ke ja, da mafi ƙarancin bolt ɗin da take aiki da shi. Yawancin na'urori suna ja tsakanin 10 da 25 mA, amma kada ka yi ƙiyasi, rubuta na kowacce. Haka za ka yi wa akwatin rarrabawa da katin da ke haɗa sashen da kwamfutar sarrafawa.

Daga nan sai ka sa takalmi ka bi hanyar da wayar za ta bi da ƙafarka. Waya ba ta tafiya kamar tsuntsu. Tana hawa gadar bututu, ta sauka, ta zagaye tanki, ta kauce wa hanyar manyan motoci. Na sha ganin tazarar da taswira ta ce mita 400 ta koma 600 da ɗoriya bayan an bi ta da tef. Kana tafe kana rubuta inda wayar za ta sha rana, inda za ta gifta wayoyin manyan injuna, da inda ruwa ke kwanciya da damina. Kan abin da ka auna ka ƙara kashi 10 cikin ɗari, saboda lanƙwasa da abin da za a yanke a bakin akwatuna.

Mataki na biyu: raba na'urori sashe-sashe

A takarda, sashe ɗaya yana ɗaukar na'urori har 32. A fili ban taɓa ganin mai hankali ya kai nan ba. Ni ina tsayawa tsakanin 8 da 12, in bar baki biyu ko uku a akwati babu komai, domin masana'anta ba ta zama yadda aka gina ta. Baɗi sai an ce a ƙara ma'aunin zafi a wani wuri.

Dalilin rage yawan ba wuta kaɗai ba ne. Layin yana da jinkiri, kuma na'urori bi da bi suke magana. In ka cika su, zagayen da kowa zai faɗi nasa ya yi tsawo, bawul ɗin da ke son amsa cikin rabin daƙiƙa ya zauna jiran layi. Saboda haka na'urar awo da bawul ɗin da take juyawa su zauna a sashe ɗaya, kuma kada a tara bawul masu muhimmanci da yawa wuri guda. In famfo biyu ne, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, raba na'urorinsu a sassa daban. Ranar da waya ɗaya ta yanke, kada ta tafi da su duka.

Mataki na uku: zaɓen waya da tsawon rassa

Sayi nau'in A. Tagwayen waya ce murɗaɗɗiya mai garkuwa, wato siririn rufin ƙarfe da ke kare ta daga hayaniyar lantarki, kaurinta kimanin 0.8 mm², turjiyarta zuwa da dawowa om 44 a kilomita. Da ita ƙa'ida ta yarda a kai mita 1900. Nau'in B yana tsayawa a 1200, C a 400, D a 200. In ɗan kasuwa ya ce maka yana da wata "mai kama da ita" a rahusa, ka tuna cewa araha ba ta ado. Kuɗin tone rami a sake ja ya ninka abin da ka rage. Akwai kuma wata riba a gaba: sabon tsarin Ethernet-APL da aka fito da shi a 2021, mai gudun megabit 10, a kan wannan nau'in A ɗin yake hawa, uwar waya har mita 1000, reshe har 200.

Mita 1900 ɗin nan jimilla ce, uwar waya haɗe da dukkan rassa. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Shi kansa reshe yana da iyaka gwargwadon yawan na'urorin da ke sashen: daga 1 zuwa 12, mita 120, 13 zuwa 14, mita 90, 15 zuwa 18, mita 60, 19 zuwa 24, mita 30, daga 25 zuwa sama, mita ɗaya tak. Wannan ma wani dalili ne na tsayawa a 12.

Don ƙasarmu ina ƙara sharaɗi biyu. Rigar wayar ta zama mai jure rana, domin roba maras kyau cikin 'yan shekaru take tsattsagewa a kan gada. Wadda za a binne kuma ta zama mai sulke ko a zura ta cikin bututu, saboda ɓera da gara ba su san darajar IEC ba.

Mataki na huɗu: lissafin wuta da hannu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake son ka daɗe. Biro da takarda sun isa.

Da farko ka san cewa ba a jona filbas kai tsaye da na'urar bolt 24 ta yau da kullum. Irin wannan na'ura aikinta ta daidaita wuta ta share duk wani motsi a kanta, alhali saƙon filbas shi kansa ɗan motsi ne a bisa wutar, bai wuce bolt ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba. Za ta haɗiye shi. Shi ya sa ake sa matacin wuta na filbas a tsakani, mai barin wuta ta wuce ya tare saƙo. Kowane mataci da abin da yake bayarwa. Akwai masu bolt 25 da 350 mA, akwai masu bolt 28 zuwa 30 da 500 mA.

Mu ɗauki misali. A ce matacinmu mai bolt 25 ne da 350 mA. Uwar waya mita 700. Na'urori 10, kowacce tana jan 20 mA, kowane reshe mita 60.

Tsawo tukuna: 700 a tara da 600 na rassa, 1300 ke nan. Muna ƙasa da 1900, kuma rassan ba su kai 120 ba. Wannan ya wuce.

Sai nauyin wuta. Na'urori goma sun ja 200 mA. Akwatin rarrabawa shi ma yana cin nasa, mu ce 10. Na'urar gwaji ta hannu da ma'aikaci zai maƙala wata rana, wasu 10. Saura abin da aka fi mantawa: haɗewar waya a reshe ɗaya, wato tagwayen su taɓa juna. Akwatunan zamani suna da kariya, in reshe ya haɗe ba ya kashe sauran, amma yana ci gaba da jan wuta har iyakar da aka sa masa, kimanin 50 zuwa 60 mA gwargwadon kamfani. Sai ka yi lissafi kamar hakan ta riga ta faru, domin za ta faru, ranar da wani ya kwance na'ura bai naɗe bakin waya ba. Mu sa 60. Jimilla 280 mA. Matacin zai ɗauka, har da ragowar da katin kwamfutar sarrafawa zai ci in shi ma daga layin yake sha.

Yanzu abin da waya ke cinyewa a hanya. Mita 700 sau om 44 a kilomita ya ba da om 30.8. Ninka da amfiya 0.28, ka samu bolt 8.6. Cire daga 25, saura 16.4 a bakin akwati.

Wannan lissafin na wurin da iska ke da sanyi ne, kamar digiri 20. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na zafi. A Garwa, Marwa ko Njamena, watannin Maris da Afrilu inuwa ma tana haura digiri 40, balle baƙar waya da ke kwance a kan tiren ƙarfe da tsakar rana. Ni da digiri 60 nake lissafi. Daga 20 zuwa 60 ƙarin ya kai kusan kashi 16, wato om 44 ya zama 51. Mita 700 ta koma om 35.7, asarar ta zama bolt 10, saura 15. Akwatin rarrabawa yana rage kimanin bolt ɗaya kafin ya miƙa wa reshe. Abin da reshen mita 60 ke ci bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba, ba sai ka damu da shi ba. Na'urar ƙarshe tana samun wajen bolt 14. Lafiya lau.

To bari mu matsar da tankin nan gaba, uwar waya ta zama mita 1250. Jimillar tsawo 1850, har yanzu ƙa'idar 1900 ba ta ce komai ba. Amma turjiya a cikin zafi ta kai kusan om 64, asara ta kusa bolt 18, abin da ya isa akwati bolt 7 da 'yan kai. Sashen ya mutu. Abin takaicin ma ba mutuwar farat ɗaya zai yi ba. Da sanyin safiya, babu reshen da ya haɗe, komai zai yi aiki, a sa hannu a takardar karɓar aiki, ɗan kwangila ya koma Duwala. Sai wata rana da azahar a watan Afrilu, reshe ɗaya ya haɗe, na'urori su fara ɓacewa daga allo suna dawowa, a yi ta zargin manhaja da aljanu.

Don haka na fi son juya lissafin ta baya. Ina son aƙalla bolt 11 a bakin akwati: 9 na na'ura, ɗaya na akwati, ɗaya na ajiya. Ke nan bolt 14 kawai na yarda waya ta ci. Raba 14 da 0.28, om 50. Raba da 51, ka samu kimanin mita 980. Wannan ita ce iyakar uwar wayar wannan sashen na gaskiya, kusan rabin lambar da kowa ya haddace. In tazararka ta wuce haka, mafita uku ce: mataci mai bolt mafi yawa, rage na'urori ka buɗe wani sashe, ko waya mai kauri a uwar layi. Ta biyun ta fi tsada a yau, ta fi kwanciyar hankali gobe.

Mataki na biyar: yanzu ka buɗe manhaja

Akwai su kyauta. Segment Checker na kamfanin Pepperl+Fuchs yana yi wa H1 da PA duka. DesignMATE ya fito ne daga Fieldbus Foundation, ƙungiyar da ta haɗe da ta HART, wani tsarin sadarwar na'urori, aka samu FieldComm Group a 2015. Emerson ma yana da tasa ta tsara sashe don tsarin DeltaV. Duk aikinsu kusan ɗaya ne: ka jawo mataci, waya, akwati da na'urori ka jera a allo, ka rubuta tsawo, ita kuma ta nuna maka bolt da mA a kowane baki, ta yi ja inda aka karya ƙa'ida. Sauke ta ka ajiye a kwamfutarka tun kana gari, kada ka dogara da intanet ɗin bakin aiki.

Ga yadda nake bi. Na fara zaɓar irin layin, H1 ko PA, da nau'in waya. Sai in nemi gurbin zafin muhalli in ɗaga shi. In manhajar ba ta da gurbin, in rubuta turjiyar waya da hannu, 51 maimakon 44. Sai in zaɓi ainihin matacin da za a saya, da lambarsa, domin kowace manhaja kayan kamfaninta ta fi sani, kuma takan sa maka mafi ƙarfinsu tun farko. Na'urar da babu ita a jerin, in ƙirƙire ta da lambobin fish teknik ɗinta. Bakunan da na bari babu komai, in cika su da na'urorin bogi masu 20 mA, don in ga yadda sashen zai kasance bayan an yi ƙari. A ƙarshe in kunna gwajin haɗewar reshe.

Ƙananan abubuwa biyu suna kayar da mutane a nan yankin. Kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take so a tsakiyar lamba, 0,8 maimakon 0.8, kuma wata manhajar ba za ta yi maka gardama ba, sai dai ta karanta abin da ba ka nufa ba. Na biyu, kayan da aka yi don Amurka sukan zo da ƙafa a matsayin ma'auni. Ka rubuta 700 kana nufin mita, ita ta ɗauka ƙafa ce, wato mita 213. Dole ta yi kore.

Shi ya sa lissafin hannu ya riga ta. Kwatanta amsarta da taka. In bambancin bai kai bolt ɗaya ba, kun daidaita. In ya fi haka, ɗayanku ya yi kuskure, kuma sai ka gano wane ne kafin ka ci gaba. Amfanin manhaja na gaskiya yana fitowa ne a sashe mai akwatuna biyu ko uku a jere, inda wuta ke raguwa daga zango zuwa zango kuma lissafin hannu ya fara gajiyarwa, da kuma rahoton da take bugawa wanda za ka miƙa wa mai aiki.

Mataki na shida: tamineta

Kowane sashe yana son tamineta biyu, ɗaya a kowane ƙarshen uwar waya. Abu ne ƙarami, turjiyar om 100 a jere da kafasita mai 1 µF, aikinsa ya hana saƙo dawowa kamar amsa-kuwwa. Biyu, ba ɗaya ba, ba uku ba. Matsalar ita ce yawancin matatai da wasu akwatuna suna zuwa da tasu a ciki, wata da maɓalli, wata a manne. Nuna a kan zane ƙarara inda biyun suke, ka rubuta "a kashe" a kan sauran. In ta yi ƙasa saƙo yakan kumbura ya karkace, in ta yi yawa yakan shaƙe.

In PROFIBUS PA kake yi, akwai ɓangaren DP, wato layin PROFIBUS mai sauri da ke zuwa kwamfutar sarrafawa, a bayan na'urar da ke haɗa su, mai waya ruwan hoda mai duhu. Dokokinsa daban ne: tsawo yana bin gudu, mita 1200 a kilobit 93.75, mita 200 a megabit 1.5, mita 100 kacal a megabit 12, kuma taminetarsa sai da wuta take aiki. Kada ka kai wayar wannan wurin wancan.

Mataki na bakwai: inda wuta ke iya tashi

Wurin tatsar mai da sinadarin hekzan, matatar mai irin ta Jarmaya kusa da Njamena, tashoshin bututun da ya taso daga Doba zuwa Kribi, har da ɗakunan da ƙurar auduga ke tashi, duk suna da yankunan da tartsatsi ɗaya ya isa. Rarraba yankunan ba aikinka ba ne kai kaɗai. Nemi taswirar haɗari daga masu kula da tsaro kafin ka zaɓi kaya.

Hanyoyi biyu aka fi bi. Tsarin FISCO yana taƙaita wutar sashen gaba ɗaya: kimanin 120 mA a rukunin iskar gas mafi saurin kamawa da wuta, wato IIC, kimanin 260 a rukunin da ke biye masa, IIB, a kan bolt 12 zuwa 13, reshe kuma ba ya wuce mita 60. Da wannan, na'urori goman misalinmu ba za su shiga sashe ɗaya a IIC ba. Hanya ta biyu ita ce a bar uwar waya da cikakken ƙarfinta cikin kariya, a sa akwati mai shinge a fili wanda ke taƙaita wutar kowane reshe. Wannan ta fi ɗaukar nisa da yawa, sai dai akwatunan shingen da yawansu bolt 16 suke so a bakinsu, kuma suna da nasu cin. Duba misalinmu: bolt 15 muka samu cikin zafi. Sashen da ya wuce ɗazu yanzu ya faɗi. A nan kam manhajar kamfanin da ya ƙera shingen ita ce abin dogaro, domin cin wutarsa ba ya tafiya a miƙe.

Mataki na takwas: garkuwa, ƙasa da tsawa

Garkuwar waya ta zama a haɗe tun daga na'ura har ɗakin sarrafawa, a sauke ta ƙasa a wuri ɗaya, can wajen mataci. A bakin na'ura a yanke ta a naɗe, kada ta taɓa jikin ƙarfe. Akwai masana'antun da ke sauke ta a wurare da yawa, amma wannan sai inda aka ɗaure dukkan ƙarafan wurin da waya mai kauri suka zama ƙasa ɗaya. In ba ka tabbatar da haka ba, tsaya a wuri ɗaya. Ko ɗaya daga tagwayen wayar kuma ba a haɗa ta da ƙasa.

Ramin wayar ƙasa a auna shi da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Awon watan Agusta daɗin baki ne kawai.

Da damina kuwa tsawa ce abokiyar gaba. Uwar wayar da ta ratsa fili, da na'urar da ke kan dogon tanki, a sa musu abin kare tsawa a ƙarshen biyu, ka kuma shigar da 'yar turjiyarsa cikin lissafi. Tsakanin filbas da wayoyin manyan injuna, musamman masu na'urar sauya gudu, ni ina barin aƙalla santimita 30 ko tire daban. In dole su haɗu, su gifta juna a miƙe kamar mararraba, kada su jera.

Mataki na tara: wutar da ke bayan wutar

Duk matatan nan daga babbar na'urar bolt 24 suke sha. Mataci mai bolt 25 da 350 mA yana fitar da wat 8.75, in ka haɗa da asararsa sai ka ware masa kusan rabin amfiya. Sassa takwas, amfiya 4. Sa na'urorin bolt 24 biyu, kowacce mai iya ɗaukar nauyin ita kaɗai, matatan sassa masu muhimmanci su ma bibbiyu.

Mu da wutarmu ta dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai mun san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke yi in ruwa ya ja baya. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta akwai 'yan daƙiƙu, kuma sun isa su kashe kowane sashe, a zauna jiran na'urori su dawo ɗaya bayan ɗaya. Batir dole ne. Amfiya 4 na awa huɗu 16 Ah ke nan, kafin ka ƙara na kwamfutar sarrafawa da ragowar tsufa. Batirin dalma kuma zafi ne ajalinsa: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa kusan biyu. Ajiye shi a ɗaki mai sanyi, ka rubuta ranar da aka saka a jikinsa. Matatan su ma duba takardarsu, da yawa suna rage abin da suke bayarwa in cikin kabad ya yi zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska.

Tun a odar farko ka haɗa da kayan ajiya: mataci, akwati, tamineta, abin kare tsawa. Abin da zai sauka Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ya biyo mota zuwa Garwa ko ya wuce Kusiri, ba ranar da ya lalace ake nemansa ba.

Mataki na goma: gwaji kafin a kunna

An ja waya, an ɗaure akwatuna, ba a jona na'urori da mataci ba tukuna. Ɗauki mita. Tsakanin tagwayen wayar ka ga sama da kilo-om 50. Tsakanin kowace waya da garkuwa, da tsakanin garkuwa da ƙasa kafin a ɗaure ta, sama da mega-om 20. Sai ka juya mita zuwa awon kafasita: da taminetar fili ita kaɗai za ka ga kusan 1 µF. Ka ga kusan 2, akwai wata a ɓoye. Ka ga abin da bai kai rabi ba, babu ko ɗaya. Na taɓa kwana biyu a wata masana'anta ina neman dalilin da saƙo ya shaƙe, ashe wani ne ya ga maɓalli a cikin akwatin tsakiya ya ce bari ya kunna, tunda an saka shi ai da amfaninsa. Awon minti ɗaya da mita da ya nuna mini tun ranar farko.

Bayan nan ka kunna, ka auna bolt a bakin mataci da bakin akwati mafi nisa, ka kwatanta da abin da manhaja ta ce. Jona na'urori ɗaya-ɗaya. Da na'urar gwaji irin FBT-6 ta Relcom, ko ProfiTrace a ɓangaren PROFIBUS, ko osiloskof mai batir, duba ƙarfin saƙon kowacce. Lafiyayyar na'ura tana aika tsakanin bolt 0.75 da 1, mai karɓa yana iya ji har ƙasa zuwa 150 mV, hayaniyar layi kuma ta tsaya ƙasa da 75 mV. Yi wannan awon manyan injuna suna aiki, kuma ka maimaita shi da ƙarfe biyu na rana. Sannan ka haɗe reshe ɗaya da gangan, a wurin da babu haɗarin gobara, ka ga ko sauran sun tsaya da ƙafarsu.

Lambobin da ka samu ka rubuta su a takarda ɗaya tare da rahoton manhaja: kwanan wata, lokaci, zafin ranar, bolt a kowane akwati, ƙarfin saƙon kowace na'ura. Kwafi ɗaya ofis, ɗaya a cikin leda a manne a ƙofar kabad daga ciki. Fayil ɗin manhajar ma a ajiye shi inda wanda zai gaje ka zai same shi, domin ranar da aka ce a ƙara na'ura ta goma sha ɗaya, daga nan zai fara.

Yaron nan nawa ya koma ya bi hanyar wayar da tef, ya dawo da mita 1100 maimakon 800 da ya rubuta. Ya ɗaga zafi zuwa 60, ya kunna gwajin haɗewa, na'urori huɗu na ƙarshe suka yi ja. Muka raba sashen biyu, muka ƙara mataci ɗaya a cikin oda.